Sikelin Barira

Shekara talatin ina auna ƙarfe a Garwa,
bayan tashar manyan motoci, inda kwalta ta gaji ta koma jar ƙasa.
Tagulla na san ta da kartar farce,
dalma da yadda take ja min kafaɗa.
Maganaɗisun aljihuna shi ne alƙali:
abin da ya kama, a jefa kan tsibi,
abin da ya ƙi, a zauna a yi ciniki.

Daren Talata Barira ta dawo daga lakwal
da kwamfutar aro naɗe a mayafi.
Ta ce, Baba, matso ka ga kasuwarka.
Na ga gidaje jere kamar fangalin albasa a bakin Binuwai,
ɗari da goma sha takwas,
kowanne da harafi a ƙirji, da lamba a goshi.
Ta taɓa wani wuri, sai duk suka sauya riga:
masu araha suka yi fari,
masu tsada suka yi ja kamar bakin zuga.

Na ce, ina ƙarfe?
Ga shi can, fari fat, abin tausayi,
shi da ya ci min baya, ya ciyar da gidana.
Tutiya ta ɗara shi, kuza ta ɗara tutiya,
farar wuta tana rakuɓe da kuɗin goro.
Na tambayi kanwa, sai yarinya ta tuntsire:
kanwa ba ta da gida, Baba, 'yar haɗaka ce.

To ɗora zinariya, na ce, mu ga sarauniya.
Ta ɗora. Ta jawo wani kusa da ita,
rodiyom, sunan da harshena bai taɓa taka ba,
sai ga zinariya ta yi zuru kamar baƙuwa a gidan biki.
A ina yake kwana?
A tukunyar salansar mota, ɗan ƙura-ƙura, ba ya cika farce.

Salansa.
Na tuna mutumin Duwala mai farin takalmi,
duk wata sai ya zo, ba ya kallon rodi, ba ya kallon batir,
salansa kaɗai, jaka biyu, da murmushi, har da gaishe da iyali.
Shekara tara.
Kaza ta kwana kan dami, ta tashi tana godiya ga tsakuwa.

Can ƙasa akwai waɗanda ba a rubuta wa kuɗi ba.
Ta ce ba wanda ya taɓa tara ko cokali,
kafin a ƙifta ido sun watse.
Na ce, su ma Allah ya yi su, bar su.

Da ma na tsaya nan.
Amma yatsana ya kai wani gida a sama, hannun dama,
lamba takwas, fari har ya kusa ɓacewa.
Wannan fa?
Ba ta amsa da wuri ba.
Iskar da muke shaƙa ce, Baba.
Kilo nawa?
Ta faɗa. Bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Ita ce aka turo wa Tabawa cikin doguwar tukunya,
ɗaki na biyu, gadon jikin taga.
Daren farko na sayar da babur.
Dare na biyu, tsohon sikelina.
Na uku allurar ta kwanta a kan sifiri,
ma'aikaci ya ce mota na hanya.

Barira ta janye kibiyar daga gidan a hankali,
kamar mai gyara wa barci bargo.
Ba mu ce komai ba har aka ɗauke wuta.

Da safe wani yaro ya turo baro,
salansa biyu, kan injin ɗinki, murfin tukunya.
Na ɗaga ɗaya, na girgiza ta kusa da kunne.
Na ce masa, zauna tukun,
a kira min Barira.